Hiliyum Ba Ta Kama Wuta

A Hillat Mato, ƙauyen Hausawa da ke gaɓar kogi kudu da garin Abu Hujar, biki bai cika biki ba sai Hajja Sakinatu ta shigo da kaskon turarenta. Tun 'yarta Ruqayya tana goye take wannan aiki. In an zaunar da amarya da la'asar a cikin sewan, wato babbar rumfar biki, tsohuwar za ta cika kasko da garwashi, ta barbaɗa bahur, turaren wutar da ta haɗa da hannunta, ta ɗaga shi sama da kan amarya tana zagayawa tana salati, hayaƙi na sauka a kan gashi da lalle da sabon tob, lafayar da matan ƙasar ke naɗawa. Matan garin sun yarda cewa amaryar da ba a yi wa haka ba ta tafi gidan miji a buɗe, kowane mugun ido sai ya same ta. Don haka ko gidan da ba sa ga-maciji da Hajja Sakinatu, in bikinsu ya zo sai sun aika mata da dabino da gayyata.

Sewan ɗin kuwa, da kujeru da lasifika, duk na Bilyamin ne. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da faɗin baki, wanda in ya gaishe ka sai maƙwabcinka ya amsa. Shi ya kawo yayin balan-balan masu tashi sama daga birnin Wad Madani. A ɗaure su dami-dami a jikin kujerar amarya, ja da fari da ruwan gwal, su yi ta lilo a bisa kanta. In aka tambaye shi abin da ke ɗaga su, sai ya gyara tsayuwa ya ce hiliyum, yana jan kalmar kamar shi ya raɗa mata suna.

Ranar bikin wata yarinya mai suna Mu'minat, Ruqayya ba ta gari. Malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, an kira ta zuwa garin Sinja duba takardun jarrabawa. Daga baya aka ba ta labari. Uwarta ta ɗaga kasko kamar kullum, ta barbaɗa turare, tartsatsi ya tashi kamar yadda yake tashi kullum, sai aka ji wata ƙara mai toshe kunne, wuta ta lulluɓe kujerar amarya daga sama. Kafin mata su gama ihu wutar ta mutu da kanta. Amma ta riga ta cinye gashin Mu'minat da gefen fuskarta da wuyanta, ta kuma toye wa tsohuwar tafin hannu.

Washegari shehun hilla, wato mai garin, Malam Lukman, ya tara jama'a a inuwar darbejiyar ƙofar gidansa. Ruqayya ta sauko daga motar Sinja ke nan, jaka a hannu, abin da ta ji a waya kawai shi ne an yi gobara a biki kuma Inna ta ƙone a hannu. Za ta wuce gida da sauri, Bilyamin ya hango ta.

"Yawwa, ga Ustaza nan! Ku tambaye ta, ita tak karanta. Ya Ustaza, don Allah hwaɗa ma jama'a, hiliyum tana kama wuta?"

Tambaya ce irin wadda take amsawa a aji ba tare da ta ɗaga kai daga allo ba. Ta ce, "Ba ta kamawa."

"Ko an ƙyasta mata ashana?"

"Ko an sa ta cikin tanderu. Ba ta cikin iskokin da ke haɗuwa da komi."

Bilyamin ya tafa hannu ya juya ga taro. "Halas, shi ke nan! Kun ji daga bakin ɗiyarta. Iskata ba ta cin wuta. To mi ac cikin kaskon ga? Mi tsohuwa taz zuba?"

Sai a lokacin Ruqayya ta ga uwarta zaune a gefen tabarmar mata, ita kaɗai, an bar fili tsakaninta da sauran, hannunta naɗe da farin ƙyalle, tana kallon ta. Jakar ta suɓuce daga hannun Ruqayya. Ta buɗe baki ta ce a tsaya, ta ce ba ta san abin da ake shari'a a kai ba, amma jama'a sun riga sun fara miƙewa suna kakkaɓe riguna.

Ba wanda ya kai Hajja Sakinatu gun 'yan sanda. Abin da aka yi mata ya fi haka ciwo. Aka ce ta zuba wani abu a turaren don haushin uwar Mu'minat ta sayo humra a Madani ba a gurinta ba. Aka ce da ma hannunta ba na alheri ba ne, aka fara tono amaren da suka yi ɓari da waɗanda aurensu ya mutu, duk aka jera a wuyanta. Matan da ta turara ranar aurensu suka riƙa ja da 'ya'yansu in ta wuce. Gayyata ta ɗauke. Tsohuwar ta kife kaskonta a ƙarƙashin gado, ta daina fita ko makoki, ta rame har zoben azurfarta ya riƙa zamewa. Ko sau ɗaya ba ta zargi 'yarta ba. In Ruqayya ta ɗauko maganar sai ta ce, "Gaskiya kinka hwaɗa, ɗiyata. An tambaye ki kin amsa." Da ta zage ta, da ta mare ta, da Ruqayya ta fi samun barci.

Bilyamin kuwa ya fito da sabuwar doka, wai don kare rayukan mutane: daga yau ba kasko, ba murhun jabana na dafa gahawa, ba sigari a cikin sewan ɗinsa. A turara amarya a ƙofa kafin ta shiga. Mata suka yi gunaguni, don turaren ƙofa ba turare ba ne, amma suka bi. Har yaba masa aka yi.

Kunyar da Ruqayya ta fi ji daga baya ita ce sai da ta yi makonni kafin kanta ya buɗe. Baƙin ciki ya toshe mata tunani. Abin ya zo mata ne a aji, da hantsi, tana tsaye gaban jadawalin sinadarai da ke manne a bango, wanda rana ta kwashe wa launi. Darasin ranar kan layin ƙarshe ne na hannun dama.

"Hiliyum, niyon, argon, kiripton, zinon, radon," ta ce tana bin su da sanda. "Waɗanga su ne iskoki masu daraja. Zoben wajensu a cike yake, ba su neman komi gun kowa, ba su ba kowa komi. Kamar wadda ta ƙoshi kahin ta je walima, ko mi aka ajiye gabanta ba ta miƙa hannu. Shi ya sa ba su ƙonewa."

Wata yarinya ta tambaya ko hiliyum kaɗai ke ɗaga balan-balan. Ruqayya ta ce a'a, ta ɗauke sandar daga kusurwar dama ta kai ta can kusurwar hagu, kan akwatin farko. Haidurojin, ta ce, ta ma fi ta rashin nauyi, kuma ba a wahalar samun ta. Hiliyum sai an yi odarta daga Hartum, ita kuwa wannan ko da sodar sabulu da gwangwanayen lemo ana fitar da ita, ganga ta yi zafi kamar ta fashe. Sai dai mayunwaciya ce, tartsatsi ɗaya ya ishe ta.

Daga layin gaba wata ta yi dariya. Ikhlas ce, 'yar Bilyamin, wadda ta fi kowa kai a ajin, yarinya mai son malamarta har tana kwaikwayon yadda take riƙe alli.

"Ustaza, irin gangar Baba ke nan. In ta yi zahi har ruwa muke kwara mata."

Ruqayya ta tsaya da sanda a sama. Ta ce su buɗe littafi su kwafe layin, ta fita ta jingina da bangon aji.

Ba ta yarda da zato ba sai ta gani. Ranar kasuwar Abu Hujar ta sayi balan-balan ɗaya a rumfar Bilyamin, ja, ta riƙo zarenta cikin rakasha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, kamar yarinya, mutane na yi mata murmushi. Ta kai ta bakin kogi inda ba kowa, ta ɗaure a jikin dutse, ta maƙala garwashi a bakin dogon kara, ta miƙa. Da hiliyum ce, da robar kawai za ta fashe. Abin da ya tashi ƙwallon wuta ne da ya kai girman ƙwarya, zafinsa ya mare ta a fuska daga nesa. Guda ɗaya ke nan. A kan Mu'minat dami-dami ne. Ruqayya ta zauna a kan yashi ta yi kuka, kuma daga ranar kukanta ya ƙare.

Ta je gun Malam Lukman. Ya saurare ta yana jan carbi, ya ce, "Ya Ustaza, ran nan kin ce ba ta kamawa, yau kin ce tana kamawa. Uwa uwa ce, ban ga laihinki ba." Ta ce ya zo ta nuna masa da idonsa. Ya ce ku 'yan makaranta in kun so ko ruwa sai ku sa ya kama wuta. Labari ya kai kunnen Bilyamin kafin azahar. Gangar ta ɓace daga bayan shagonsa. Ranar kasuwa ta gaba ya fito da wata 'yar ƙaramar tukunyar hiliyum ta gaske da yake ajiye wa irin wannan rana, ya hura balan-balan, ya ƙyasta mata ashana a gaban mahauta da masu kayan miya. Ta fashe, ba wuta. Ya ɗaga hannu sama ya ce Allah ya shirya, karatu ya taɓa kan yarinya.

A nan Ruqayya ta gane cewa duk abin da ya fito daga bakinta ba zai wanke uwarta ba. Sai abin da ya fito daga nasa bakin. Ta tsani mutumin nan tsana mai sanyi, wadda ba ta hana cin abinci, ba ta hana dariya. In sun haɗu a hanya ita ke fara gaishe shi, ta tambayi iyali da kasuwa. Ya ɗauka ta saduda, har ya fara yi mata ba'a, "Ya Ustaza, yaya iskoki?" ta ce lahiya lau suke. Da dare in tana shafa wa uwarta man kaɗanya a tafin hannun da ya ƙanƙance, fuskarsa take gani, tana juya ta a zuci, tana neman inda za ta kama shi ya kasa zamewa. Ta taɓa zuwa duba Mu'minat, uwar yarinyar ta rufe mata ƙofa a fuska. Wannan ma ta ɗora a kansa.

Damina ta wuce, aka yi girbin riɗi, wata daminar ta zo ta wuce. Ikhlas ta gama makaranta, aka sa ranarta da wani ɗan kasuwa a Madani mai suna Muhannad. Da kanta ta zo gida gayyata, ta durƙusa ta gaishe da Hajja Sakinatu, abin da 'yan matan garin suka daina yi, ta kama hannun malamarta ta ce in ba ta zo ba ba za ta yafe ba. Ruqayya ta dubi yarinyar, ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, ta danne shi. Ta ce za ta zo.

Ta san halin Bilyamin. Ba zai iya aurar da 'yarsa ba tare da balan-balan da ya fi na kowa ba, kuma hiliyum da za ta cika irin wannan ado ba ta jibge a Abu Hujar. Kwana biyu kafin biki ta bi ta hanyar gonarsa, ta ga tarin gwangwanaye a bayan rumfar kara, ta ga inda farin ruwa ya malala ya kashe ciyawa. Ta dawo gida tana 'yar waƙa, har uwarta ta tambaye ta ko an ƙara mata girma a makaranta.

Ranar biki bayan azahar, tsohuwar na barci, Ruqayya ta durƙusa ta jawo kaskon daga ƙarƙashin gado. Ta goge ƙurarsa, ta ɗauko kwalbar bahur ta ƙarshe da uwarta ta haɗa, ta hura gawayi har ya yi ja ciki da waje. Ta sa farin tob ɗinta na aiki. Ba ta bi ta ƙofar sewan ba, inda Bilyamin ke tsaye yana leƙa hannun duk mai shiga. Ta bi ta baya, ta wajen masu girki, ta ɗaga gefen tanti ta shiga.

Ba a taɓa ganin ado irin wannan a Hillat Mato ba. Balan-balan sun rufe saman kujerar amarya har ba a ganin rufin tanti, na ƙasa-ƙasa suna shafar mayafinta. Ikhlas na zaune cikin jan tob da gwal, mawaƙiya na gefe da makirfo, 'yan mata na tafi. Ruqayya ta barbaɗa turare a kan garwashi ta fara tafiya a hankali ta tsakiyar mata.

Ƙamshin ya riga ta isa. Tsofaffin da ke baya suka ɗaga hanci, don sun san shi, sun yi kewarsa. Wata ta rangaɗa guɗa ba ta san ta yi ba, wasu suka amsa. Aka riƙa janye ƙafafu ana ba ta hanya. Ikhlas ta ɗago ta ga malamarta da kasko, fuskarta ta cika da murna, ta sunkuyar da kai ta ajiye hannuwanta masu lalle a kan gwiwa, kamar yadda amare ke yi in za a turara su. Ruqayya ta ga tsagar kitson yarinyar ta cikin mayafi. Ƙafarta ba ta tsaya ba.

"Kai! Kai! Ke! Tsaya nan!"

Bilyamin ne, ya shigo tsakiyar mata yana ture kujeru, rawaninsa ya warware. Kiɗa ya tsaya. Ruqayya ta riga ta hau kan dardumar amarya. Ta juyo, kasko a tsayin ƙirjinta, ɗayan hannun cike da bahur a saman garwashi.

"In ka ƙara taki ɗaya, Abu Ikhlas, hannuna na iya rawa."

Ya tsaya cak. Gumi ya keto masa. Ya yi ƙoƙarin murmushi ga matan, ya ce doka ce, kowa ya san doka, a fitar da kasko waje.

"Doka don mi?" in ji Ruqayya. Muryarta ta aji ce, a kwance, kowace kalma a fili. "Ɗiyarka ta hi ɗiyan kowa? A kai ta Madani ba turare? Ai hiliyum ce. Ni da bakina na hwaɗa ma jama'a ba ta kama wuta, kai kuma ka tahwa hannu. Ko ka manta?"

Ta ɗaga kaskon zuwa kafaɗa. Zaren wata balan-balan ya shafi goshinta.

"Ya Ustaza, don Allah, don Annabi," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Mu hita waje mu yi magana. Duk abin da kike so."

"Abin da nike so shina bakinka. Mi ac cikinsu?"

Ya dubi 'yarsa. Ikhlas ta ɗago kai yanzu, tana kallon ubanta, tana kallon malamarta, tana kallon sama, kuma Ruqayya ta ga lokacin da yarinyar ta tuna darasin, ta ga murnar ta zube daga fuskarta. Ba ta motsa ba, tsoro ya manne ta da kujera. Ruqayya ta saki ɗan bahur kaɗan. Tartsatsi ya tashi ja, ya mutu a iska. Mata suka kwashi salati.

"Ba hiliyum ba ce!" Bilyamin ya yi ihu. "Ba ita ba ce! Sauke!"

"Uwar Mu'minat tana can baya, ba ta ji ba. Ba shi makirho."

Mawaƙiyar ta miƙa masa makirfon. Ya karɓa, ya zube a kan gwiwoyinsa, kuma lasifikarsa da ya ɗaure a saman dogon ƙarfe don garin duka ya san yana biki ita ta kai muryarsa ko'ina. Ruqayya na tambaya yana amsawa. Da me yake haɗa ta? Da soda da gwangwani. A ina? A gona. Ranar bikin Mu'minat ita ce a ciki? Ita ce. Ya san tana kama wuta? Ya sani. Me Hajja Sakinatu ta zuba a kasko?

"Turare," ya ce yana kuka da majina. "Turare kaɗai. Ba ta yi komi ba. Ni na yi mata sharri."

"Sake hwaɗi. Da sunanta."

Ya sake faɗi, da sunanta. Sannan Ruqayya ta sauke kaskon, ta ja da baya, ta sauka daga darduma. Ƙannen uwar amarya suka fizge Ikhlas suka yi waje da ita. Maza sun riga sun cika ƙofa, Malam Lukman a gabansu, bakinsa a buɗe, carbi na reto. Uwar Mu'minat ta taso daga baya, ta cire takalminta, mata suka ba ta hanya kamar yadda suka ba Ruqayya. 'Yan'uwan Mu'minat maza suka nufi gonar, wani na kiran 'yan sandan Abu Hujar a waya. Ruqayya ta tsaya ta kalli takalmin ya sauka a fuskar Bilyamin, ta kalli na biyu, ta ji daɗi har cikin ƙashinta. Ba wanda ya tare ta da ta fita.

Rana ta yi ja a kan kogi sa'ad da ta shiga gida. Ta tarar da uwarta zaune a bakin gado a tsakar gida, ta yafa mayafi, hannuwanta a cinya.

"Inna, kin ji?"

"Na ji. Garin ga duka ya ji."

"Ya hwaɗa da bakinai, Inna. Da sunanki. Suna nan tahe, na baro su suna shawarar zuwa roƙon gahwara."

Tsohuwar ba ta yi murmushi ba. Ta ce a miƙo mata kaskon. Ruqayya ta ajiye shi a gabanta. Ta shimfiɗa tafin hannunta mai tabo a samansa, ta ɗan jima, ta janye.

"Da rai garwashin ga. Na ɗauka toka kinka sa a sama, ko hayaƙi kaɗai kinka kai."

"Da bai ga wuta ba, da bai yi magana ba."

"Ina yarinyar take sa'ad da kinka ɗaga shi?"

"Tana kan kujera."

"Ta sunkuyar miki da kai?"

Ruqayya ta ce ta sunkuyar.

"To ina tambayar ki, kuma na san ba ki iya ƙarya ba. Da ya dahe bai buɗe baki ba, da kin sauke?"

Ruqayya ta buɗe baki. Ta nemi "i" a cikinta, ta neme ta da gaske, ta koma kan dardumar a zuci ta sake tsayawa, hannunta a sama, kitson Ikhlas a ƙasa. Ba ta same ta ba.

Hajja Sakinatu ta gyaɗa kai a hankali. "Sun ce na ɗaga wuta bisa ɗiyar mutane da gangan. Na haɗiye, na kwana na tashi da shi, don ni na san ƙarya ce, Allah ya sani. Abin da ya riƙe ni ke nan. Yau an yi shi da gaske, da kaskona, da turarena, kuma ɗiyar da na goya ta yi."

Ta jawo buta ta tuttula ruwa a kan garwashin, ya yi kuka ya mutu. Daga waje aka fara jin sallama, muryoyin mata da yawa, wasu na kuka, uwar Mu'minat a cikinsu tana kiran "Ya Hajja, ya Hajja." Tsohuwar ta dafa gado ta miƙe, ta gyara mayafi. Ruqayya ta matso za ta riƙe mata hannu, ta kauce.

"Shiga ɗaki. Ban son su gan ki kusa da ni."

Ruqayya ta shiga ta zauna a ƙasa bayan ƙofa. Ta ji sun cika tsakar gida, ta ji suna zubewa, ta ji kowace kalma da ta yi shekara biyu tana mafarkin ji, ɗaya bayan ɗaya, da muryar uwarta tana cewa ta yafe, ta yafe. Ta jira nadama ta zo. Ta lalubi zuciyarta ciki da bai, abin da ta tarar kawai shi ne ƙarar takalmin nan a fuskar Bilyamin, kuma har yanzu daɗi yake yi mata.